Hawan Tumshuk da Waya a Hammata

Litinin 8 ga Janairu, bayan azahar

Wannan littafi matata Burulca ce ta bani ranar da aka sa ta a mota zuwa birni. Tace mai hanci, rubuta abinda kake yi kullum, in na dawo zan karanta in kama ƙaryarka ɗaya bayan ɗaya. Nace baibice, uwargida sarautar mata, ni aji huɗu nayi a makaranta, biyu daga ciki ma a bakin ƙofa nayi su ina riƙe da kunne. Tace ai bakinka ya gama aji goma sha ɗaya, sa shi ya riƙa gaya wa hannun. To gashi na fara. Duk wanda yaga rubutun nan kaman kaza ta bi ta kan toka yayi haƙuri. Hannun Sagindik ɗan Mamirbai ba na biro bane, hannu ne da ya fizge bunsuru a tsakiyar mahaya arba'in a wasan ulak, shekara uku a jere. Abokina Toktonali mai shago zai ce biyu. Toktonali hassada ke cinsa tun muna rarrafe.

Labarin yau, hanya ta rufe. Jiya da magariba ƙanƙara ta zafto a bakin kwazazzabo ta binne titi ta kwashe turakun wuta. Dogon ƙarfen waya na bayan makaranta shima ya mutu tunda ba wuta. Gida sittin mun zama kaji a akurki. Ni ko a jikina. Ciyawa cike da rumbu, busasshen kashin tumaki na hura murhu har rufi, ga Toru a barga, dokin da babu irinsa daga nan har ƙasar Sin. Uwata Apa nada ganyen shayi. Me ya rage.

Lokacin da abin ya faru ina kan waya da Sairagul ƙanwar Burulca, ita ke zaune da ita a asibiti. Tana cewa jezde, haka take kirana wato mijin yaya, likita yace gobe zasu, sai ɗif. Gobe zasu me? Zasu sha shayi mana. Ƙafafu ne kawai suka kumbura, kuma duk mai cikin wata takwas ƙafarta na kumbura. Apa tace haka ne. Ta faɗa tana kallon murhu.

Talata 9, da safe

Na ɗora wayar a taga. Na ɗora a kan barga. Na hau tsani na miƙa hannu sama kaman mai roƙon ruwa. Ba sandar sabis ko ɗaya. Dama gyaran rufi na hau yi.

Laraba 10, la'asar

Maza sun taru a shagon Toktonali suna jin ɗumi. Wani yace da rani ne da an hau kan Tumshuk, makiyaya a can suke kiran gida, sabis ɗin wancan kwarin yana kamawa a saman dutsen. Toktonali yace a tsakiyar sanyin nan ko akuyar dutse bata kaiwa can. Nace akuya ba Sagindik bace. Bakina ne ya faɗa, ni ina zaune.

Yace kurdash, wato tsarana, da wannan tumbin? Kai da in ka sunkuya ɗaurin takalmi sai ka huta sau biyu. Nace tumbin nan guzuri ne, kai da kake kaman sandar makiyayi iska zata ɗauke ka tun a gindin dutse. Yace ranar da ka taka kan Tumshuk a watan nan zan aske gashin bakina. Nace je ka wasa wuƙa. Shekara ashirin da biyar yana shafa wa gashin nan kitsen rago.

Ba dan waya zan hau ba. Bari in rubuta shi da kyau dan Burulca ta gani. Zan hau ne dan ba a taɓa yi ba, kuma ina son ganin leɓen Toktonali tsirara.

Alhamis 11, azahar

Na kai tumaki shan ruwa. Bugu ɗaya na fasa ƙanƙarar rafi, wani sai yayi goma. Na dawo ta bakin rafi ban bi ta bayan tudu ba. Hanyar rafi tafi nisa amma tafi daɗi, shikenan dalili.

Apa ta aike ni ɗakin ajiya in ɗauko gari. Gadon jaririn nan na itacen arca da surukina Kerimkul ata, baban Burulca, ya sassaƙa shekara goma sha bakwai da suka wuce yana nan a rataye, an rufe shi da tsohon bargo. Sau uku ana sauko dashi, sau uku ana mayarwa. Wannan karon Apa tace ba mai taɓa shi sai taji kuka da kunnenta. Na ɗauki garin na fito. Gari ya shiga min ido.

Asabar 13, bayan la'asar

Yau anyi abin dariya. Sai yanzu nake dariyar.

Ina barga ina shara, na leƙa ta ƙofa sai naga dattawa uku sun doso gidanmu. A jere. A hankali. Hannu a baya, ba mai magana. Kerimkul ata a gaba, sai liman, sai tsohon malamin makaranta. Duk ɗan ƙauyen nan yasan abinda ke kawo dattawa uku ƙofar mutum a jere ba a gayyace su ba. Haka suka zo wa Apa shekarar da babana bai dawo daga kiwo ba. Basa faɗa a ƙofa, sai sun zauna, su fara da cewa annabawa ma sun tafi.

Ban san sanda na shige bayan Toru ba. Na cusa fuska a jikinsa. Kaina na cewa wawa, hanya a rufe take, ta ina labari zai zo. Tsoro na cewa wani ya ratso da ƙafa. Tsoro ne yayi nasara, na zauna daɓas a kan kashin doki. Daga cikin gida naji kwano ya faɗi ya fashe.

Kerimkul ata ne ya same ni. Nace ata, kofato nake dubawa. Yace a zaune, a ƙarƙashin wutsiya? Sai naga fuskarsa ta canza. Ya juya ya kalli su liman, ya cire hula ya riƙe. Yace tsufa ya cinye mana hankali, ɗaya ya kamata ya zo. Ɗana, babu labari. Wallahi babu labari ko ɗaya. Munzo ne mu hana ka hawan dutse.

A ciki Apa ta wanke su tas. Tace ku ukun nan in an haɗa shekarunku sun wuce ɗari biyu, amma ba wanda yasan yadda ake shiga gidan da ke jira. Liman da kansa ya durƙusa yana tsince fasasshen kwano. Malam ya gyara murya ya jero min dalili tara da zasu sa in mutu a Tumshuk. Kerimkul ata kuwa hannun Apa yake kallo tana zuba shayi rabi a kofi rabi a shimfiɗa. Da malam ya gama sai ata yace nima 'yata ce. Jibi kazo da ɗanyar fata in saƙa maka japkak, takalmin tafiya a kan ƙanƙara. Amma dokata zaka bi.

Nace ata, ni fa ba dan waya ba. Yace na sani, dan gashin bakin Toktonali.

Litinin 15, la'asar

Tsohon nan shekara hamsin yana farautar akuyar dutse, hannunsa har yanzu kaman maƙera. Ya jiƙa rassan bakin rafi a ruwan zafi, ya lanƙwasa su kaman dogon faifai, ya saƙe tsakiya da tsirkiyar fata. Ya auna ni da ido, yace naka sai an ƙara faɗi, na ɗaukar bijimi za ayi. Nace ai manya da manyan kaya.

Na ɗaura na fita bayan gida inda ƙanƙara ta kai ƙugu. Wallahi ban nutse ba. Ni, Sagindik, ina tafiya a saman ƙanƙara kaman tsuntsu. Tafiyar dai sai ka buɗe ƙafa kaman wanda aka yi wa kaciya jiya. Taku na bakwai na taka japkak ɗaya da ɗayan, na shiga da ka. Matan da ke ɗibar ruwa suka ce ƙafafuna kawai ake gani suna gaisuwa. Da gangan nayi, dan su ɗan yi dariya, kwana biyu gari ba walwala.

Dokokin ata. Sai sama tayi wasai kwana uku a jere ƙanƙara ta kwanta. A bi doron dutse, kar a shiga kwari ko da ya fi kusa. Ba a tafiya mutum ɗaya. Toktonali yace shi zai je, wai in na mutu a rabin hanya wa zai shaida ban kai ba. Sai doka ta ƙarshe. Akwai gangaren nan mai faɗi da muke kira Ak-Bet, dole a ratsa ta ƙarƙashinsa, tafiyar awa biyu. Yace a nan ba magana, ba tari, ba dariya. Ƙanƙarar wurin a rataye take, murya kawai take jira. Abokinsa fito yayi wa kare a wurin, sai bazara aka same su.

Apa ta tuntsire da dariya, na farko a sati guda. Tace wannan? Wannan da ya fito daga ciki yana gardama da ungozoma? Ata ya laluba aljihu ya ciro kurut ɗaya, busasshen cuku mai tauri kaman dutsen rafi, na bara waccan. Yace wannan zaka sa a kumatu, kafin ya narke kun wuce.

Talata 16, da safe

Ƙanƙara na sauka.

Laraba 17, azahar

Tana sauka. Waɗanda suka je bakin kwazazzabo sunce katafila ta haƙo rabi daga can, sabuwa ta zafto ta mayar mata da aiki.

Alhamis 18, magariba

Na bai wa Toru labarin ulak na shekara ta biyu, ya juya min baya. Shima ya koyi halin Toktonali.

Ɗankwalin Burulca na rataye a ƙusa, har yanzu ƙamshin madara da hayaƙin arca yake. Ban shinshina ba. Wucewa nayi kusa.

Juma'a 19, bayan masallaci

Sama tayi wasai. Ɗaya.

Na gwada yin shiru dan in saba, Toktonali na riƙe da agogo. Minti goma sha ɗaya. Laifinsa ne, yace wai sau biyu ne a ulak.

Asabar 20, la'asar

Biyu. Mun tada tsohuwar motar Toktonali da wuta a ƙarƙashin injin dan ayi wa wayata caji. Tasa ba amfani, layinsa baya kamawa a Tumshuk. Ata yace sanyi na shanye batir kaman maraƙi a nono, in sa ta a hammata, jikin fata, kar in ciro sai a sama. Toktonali yace duk wayar da ta kwana a hammatarka ai ta riga ta mutu.

Na yanko gashin wutsiyar Toru, an ɗinka mana a bakin hula ya zubo kan ido, dan kar hasken ƙanƙara ya makantar damu. Na roƙe shi gafara da guntun sukari.

Lahadi 21, kafin magariba

Uku. Gobe.

Yau na bi ta bayan tudu. Duwatsun nan uku ƙanana na kan kaburburan 'ya'yanmu sun nutse, na share musu ƙanƙara da hannu. Na basu labarin yadda na shiga da ka ranar Litinin. Ban daɗe ba.

Kalmar farko da zan ji a waya ce kawai. In Sairagul tace jezde, jikinta ya tsananta, ka taho, nasan abinda ake nufi, haka ake faɗa a waya, nima na taɓa faɗa wa wani. In kuwa tace suyunci, wato albishirinka, ba a neman tukuicin suyunci sai a kan labari mai daɗi. Shikenan. Ba dan waya zan hau ba amma tunda zan je.

Talata 23, azahar

Jiya ban iya riƙe biro ba, yatsu sun kumbura kaman hanjin doki da aka cusa wa nama. Yau zan rubuta komai, kuma ba ƙarya ko ɗaya dan gaskiyar ta ishe ni.

Bayan sallar asuba Apa ta zagaye kanmu da hayaƙin arca, ata ya ɗaga hannu yayi mana addu'a muka shafa. Ƙanƙara tayi ɓawo, japkak na cewa ƙurus ƙurus. Igiya ɗaya ta haɗa ƙuguna da na Toktonali, ni a gaba dan ni ne jarumi, shi yace dan in rami ya ci ni ya san inda ba zai taka ba. Gemu ya daskare, hanci ya daskare, kuma hancina ba ƙaramin fili bane. Rana ta fito ta bugi kan duwatsu suka zama ja kaman garwashi. Na waiga, ƙauyenmu kaman an zubar da wake a farin zane, hayaƙi na tashi a miƙe. Na fara waƙa. Toktonali yace adana, ga Ak-Bet.

Na jefa kurut a kumatu. Ka ɗaga kai baka ganin ƙarshen gangaren, fari fat, sumul, yayi shiru irin na wanda ke sauraro. Muna tafiya a hankali, taku, numfashi, taku. Can tsakiya naji ƙasa tace wum a ƙarƙashinmu, duk filin ya ɗan zauna. Na tsaya. Toktonali ya tsaya. Idonsa ta cikin gashin Toru kaman na saniya a mahauta. Nawa dai lafiya lau. Muka jira. Ƙanƙarar bata zo ba.

Taku goma bayan nan tsirkiyar japkak ɗina na hagu ta tsinke, ƙafa ta shige har cinya. Ba halin magana. Na nuna masa. Ya nuna min kaina, ya juya yatsa. Sannan ya kwance bel ɗin wandonsa ya durƙusa ya ɗaure min japkak da shi, ɗauri mai kyau, da haƙori ya ja. Ya miƙe. Wando ya sauka har gwiwa. A ƙarƙashi dogon wandon ulu ne na matarsa, ja, da furanni.

Allah ne shaida ban taɓa shan wahala irin ta wannan lokacin ba. Maganganu bakwai suka zo min baki a tare, kowacce tafi 'yar uwarta. Na ciji kurut har naji haƙori ya motsa. Hawaye suka zubo suka daskare a kumatu. Shi kuma ya riƙe wando da hannu ɗaya, sanda a ɗayan, yana harara ta. Haka muka ƙarasa awa guda. Duk wanda yace Sagindik bai iya shiru ba ya je ya tambayi Ak-Bet.

Daga nan doron dutse ne, iska na yanka, dama rami hagu rami. Ƙafata ta zama ta wani. Sau biyu na durƙusa dan in duba ɗaurin Toktonali, ba dan gajiya ba. Rana na tsaka muka ga tarin duwatsun da makiyaya suka jera a sama. Na taɓa shi da hannu. Duniya gaba ɗaya a ƙasa, duwatsu bayan duwatsu har inda ido ya ƙare, can nesa wani hayaƙi hayaƙi, birni kenan.

Toktonali yace to kurdash, an buɗe maka baki, zuba. Na tofar da kurut. Ba abinda ya fito. Yace ciro ta mana. Nace bari in huta. Yace Sagindik, ciro ta, ina nan.

Na ciro. Sanda ɗaya, tana zuwa tana tafiya. Ba saƙo ko ɗaya. Dama ba za a samu ba, mugun labari ba a rubuta shi, mai daɗi kuma Sairagul ba zata bayar kyauta ba. Na hau kan tarin duwatsun Toktonali ya rungume min ƙafafu. Na kira Sairagul, kira ya shiga. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Aka ɗauka.

Tace jezde?

Na danne wayar a kunne. Iska kawai.

Tace jezde kai ne? Suyunci! Suyunci, jezde!

Abinda na faɗa bayan nan ban riƙe duka ba. Nasan dai nayi ihu nace ɗauki Toru. Da na duba wayar ta yi baƙi ƙirin. Na mayar hammata, na murza, na hura mata, na roƙe ta. Ta tafi.

Toktonali yace namiji ko mace? Nace ban sani ba. Yace Burulca fa? Nace suyunci tace. Ya kalle ni na kalle shi, sai muka kama rawa a kan Tumshuk da japkak a ƙafa, wandonsa a gwiwa, muka faɗi tare muka tashi muka sake. Gashin bakinsa duk majina ta daskare. Da muka zauna cin burodi yace kurdash, ka fa bada Toru, naji da kunnena. Nace wayar ta riga ta mutu, iska ce kawai taji, iska kuma bata hawa doki.

Saukowa tafi wuya. Ka ratsa Ak-Bet da labari irin wannan a baki kuma ba kurut. Safar hannu na cusa a baki.

Muna fita daga ƙarƙashinsa na buɗe maƙogwaro. Ashe tun safe ata na kan rufin gidansa da madubin hangen nesansa na farauta, gari duk a waje. Na shigo da gudu irin na mai japkak ina ihun suyunci. Apa ta cire zobenta ta tura min a ɗan yatsa. Ata ya cire hularsa ta fatar yanyawa ya kifa min. Mata na rataya min ɗankwali a wuya, wani ya cusa min cinyar rago a hammata inda waya ta fito. Sai malam yace to, an biya, faɗi labarin.

Nace shine labarin.

Yace kamar yaya? Nace suyunci tace, waya ta mutu. Malam yace wato ka kwashe tukuicin gida sittin a kan kalma ɗaya, baka san ko akuyarsu ce ta haihu ba. Apa ta juyo kansa. Tace malam, Sairagul bata da kunya amma ba mahaukaciya bace. Ba 'yar da zata nemi suyunci yayarta na kwance an rufe ta. Kalmar ta isa. A ɗora tukunya.

Ata ya zauna a kan ƙanƙara inda yake tsaye, kai ba hula, yana ta shafa fuska. Na mayar masa da hular yace bari, taka ce.

Gado dai Apa tace ya zauna inda yake.

Laraba 24, hantsi

An aske Toktonali a ƙofar shago, gari ya kewaye. Ni na riƙe madubi. Leɓen fari sol kaman gindin jariri, kuma gajere ne, shi yasa ya ɓoye shi shekara ashirin da biyar. Karensa yayi masa haushi. Maganar jan wando mai furanni ban gaya wa kowa ba. Mutum tara kawai.

Asabar 27, la'asar

Kalmar ta isa. Apa tace ta isa.

Na dai so ace naji muryarta ko daga nesa, ko tana zagina.

Talata 30, azahar

Ana jin ƙugin katafila daga nan. Na share gida. Na wanke labule, ya daskare a igiya ya tsaya kaman ƙofa. Na ba Toru hatsi mudu biyu, ba wani dalili.

Juma'a 2 ga Fabrairu, hantsi

Jiya da la'asar mota ta farko ta shigo bayan katafila. Kafin ta gama tsayawa Sairagul ta diro. Ba gaisuwa ba komai, tace jezde ina dokina.

Ban ko kalle ta ba. Burulca na saukowa. Ta rame, fuska ba jini, tana taka ƙasa a hankali tana buɗe ƙafa kaman mai japkak. Hannunta ƙunshin bargo. Ta kalle ni sama da ƙasa, hular yanyawa, zoben Apa, hanci duk ya saɓule da sanyi. Tace mai hanci, me ya sami fuskarka. Nace Tumshuk na hau. Tace ƙarya ta farko. Gari gaba ɗaya suka ce wallahi ya hau.

Mace ce. Ranar da na fara littafin nan aka ciro ta, tayi sati biyu a akwatin gilashi. Sairagul ta fara bada labarin abinda ya faru a ɗakin tiyata da jinin da aka nema, Burulca tace bari. Nima ban tambaya ba. Muna shiga ɗumi ƙunshin ya motsa ya tsala kuka, ƙaramin abu kaman kyanwa amma murya har barga. Apa ta rufe ido ta saurara sosai. Sannan tace Sagindik, je ka sauko da gadon.

Da na dawo na tarar Sairagul ta tara mutane. Nace baldiz, ƙanwar matata, wayar nan mutuwa tayi kafin in buɗe baki, tambayi kowa. Tace haka ne? Ta miƙe ta buɗe ƙafa ta kumbura ciki, ta yi muryata. Ɗauki Toru, ɗauki sirdi da linzami, ɗauki gidan, ɗauki Toktonali ma in kina so. Tace sannan kayi wani kuka kaman raƙumin da aka raba da ɗansa, sai ta yanke. Nace iska ce. Toktonali yace ni dai ba inda zani, doki kuwa ni shaida ne.

Da hannuna na ɗaura wa Toru sirdin azurfa na babana. Na gaya wa Sairagul baya son a taɓa masa kunnen hagu, kuma sukari guda ɗaya ba biyu ba. Ta haye ta zagaye gari sau uku. Ya tafi ko waige. Dokin da babu irinsa har ƙasar Sin. Araha ta saya a wurina, da ta san abinda zan iya bayarwa a wannan lokacin.

Da safen nan Burulca ta karanta littafin a kwance, tana dariya tana riƙe ciki tana cewa kar in sa ɗinki ya buɗe. Wani wurin ta daɗe bata juya shafi ba. Tace ta kama goma sha tara. Nace wacce ce babba. Ta sa yatsa a kan ranar Laraba goma ga wata, inda na rubuta da kyau dan ta gani.

Liman ya raɗa wa jaririyar suna Tursunai. Hancin nawa ne, Allah ya bata haƙuri. Zan tsaya nan, rubutun ya ƙara karkacewa dan littafin na zamewa, ba hannun da zai danne shi. Ta kama min yatsa tun ɗazu taƙi saki. Na ja, ta ja. Wannan riƙon na sanshi, da shi ake fizge bunsuru a tsakiyar mahaya arba'in.